Auta ta iso gida: godiya ga kowa, musamman dattijon Sawakin

Alhamdulillahi, ƙanwata Auta da ta je karatu Sudan tana gida. Jiya bayan la'asar motar da ta ɗauko ta daga Abuja ta tsaya a ƙofar gidanmu a Jekadafari, cikin garin Gombe. Yanzu haka barci take a ɗakin Inna, tun hantsi, ba wanda ya yarda a tashe ta ko don abinci. Ni ma idona kamar an watsa yashi, amma na kasa kwanciya ban sauke nauyin godiyar nan ba.

Kun bi komai tare da mu tun ranar 15 ga Afrilun 2023 da aka fara harbe-harbe a Khartum, babban birnin Sudan, a goman ƙarshe na azumi, don haka ba zan maimaita zancen motoci da kwanan hanya ba. Dare ɗaya ne ban ba ku labarinsa ba.

Bayan Auta da sauran ɗalibai sun isa Bur Sudan suna jiran jirgi, zazzaɓi ya kama ta, wayarta kuma ta mutu. Kwana biyu shiru. Baba mai hawan jini ne, ya daina cin abinci, sai dai ya zauna a kan buzu da carbi yana kallon ƙofa. A dare na uku, wajen ƙarfe sha ɗaya, baƙuwar lamba ta kira ni ta WhatsApp. Muryar tsoho ce, Hausarsa tsaf amma da gardin Larabci. Ya ce in ba shi mahaifin yarinya. Na sa a sifika, na riƙe wa Baba, don hannunsa rawa yake.

Ya ce, "Malam, 'yarka tana gidana a Sawakin, ita da ƙawayenta biyu. Uwargida ta ba ta magani, ta sha kunu, ta yi barci."

Ashe daga Sawakin, tsohon garin da ke kusa a bakin Bahar Maliya, ya shiga Bur Sudan sayayya ne ya ji 'yan mata suna Hausa a harabar masallaci, ɗaya a kwance. Bai yi shawara da kowa ba ya kwashe su a motar ɗansa.

Baba ya ce a ba shi ita ya ji muryarta. Na san abin da ke ransa, yana tsoron ko lallashinsa ake yi kafin a faɗa masa mummunan labari. Dattijon ma ya gane. Ya ce ba zai katse mata barcin farko da ta samu ba, amma shi ma ba zai kashe waya ba sai ta farka. Sai ya tambayi Baba sana'arsa. Baba ya ce shi tsohon mai kunna injin majigi ne a sinima, tun zamanin da ake ɗaura fim a faifai.

To fa, nan hira ta ɓalle. Ashe shi ma mayen fim ɗin Indiya ne. Suka faɗa kan Don na 1978, na Amitabh Bachchan, da wanda aka sake yi a 2006 da Shah Rukh Khan. Wannan gardama tsohuwa ce a gidanmu. Ni kullum ina bayan sabon, saboda hotonsa ya fi kyau, ga biranen Malesiya, ga gudun motoci, kuma wanda ya ba da umarninsa, Farhan Akhtar, ɗa ne ga Javed Akhtar, ɗaya daga cikin marubutan na farkon, sai in ce ai gado ya ɗauka. Dattijon nan ya ce shi ba ruwansa da kyan hoto. A tsohon, mugun ne ya mutu, Vijay talaka mai waƙa a titi, wanda ya shiga haɗari don yara biyu su samu karatu, shi ya tsira. A sabon kuwa sai a ƙarshe ka gane talakan aka kashe, mugun ya sa rigarsa ya wuce abinsa. Ya ce wayo ne, amma shi ba ya so ya biya kuɗin tikiti a nuna masa abin da yake gani a garinsu kyauta.

Baba ya yi dariya. Wallahi rabon da in ji dariyarsa tun kafin Sallah. Inna da ke laɓe a bakin ƙofa ta fashe da kuka. Daga daren nan na bar gardamar, na koma bayan tsohon fim.

Da Baba ya tambaye shi yadda aka yi Hausa ta kai bakin Bahar Maliya, sai ya ce ai shi ɗan ƙasarmu ne. Kakansa yana cikin waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Burmi fa, nan wajen Bajoga! Wasu suka zauna tare da ɗan Sarkin, Muhammadu Bello Mai Wurno, a garin da har yau ake kira Mai Wurno a bakin kogin Nilu, kakansa kuwa ya zarce Sawakin, inda alhazan ƙafa ke hawa jirgin ruwa su ƙetara Jidda. Kakan ya yi Hajji, ya dawo, guzuri ya ƙare, ya yi aure. Dattijon ya ba mu labarin tsohon garin da ke kan tsibiri, gidajensa na dutsen murjani da aka ciro daga teku, da zamanin da Turkawa ke mulkinsa, da yadda buɗe tashar Bur Sudan a 1909 ya janye manyan jirage da fatake, benaye suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce garin da ya saba karɓar baƙon da hanya ta yanke masa ba zai fara kora a kan jikokinsa ba.

Sai muka ji wata 'yar murya daga nesa: "Baba?"

Dattijon ya hana ni ambaton sunansa, na kuma yi alkawari. Amma Alhaji, kai da Hajiya, Allah Ya sani. Allah Ya tsare muku zuriya yadda kuka tsare mana tamu, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarku, Ya kashe wutar da ke cin ƙasarku.

Ina godiya ga limamin masallacin layinmu da bai fasa alƙunutu ba, da matan unguwa da suka yi ta kwana da Inna, da Goggo ta Pantami da ta sayar da tunkiyarta ba a roƙe ta ba. Mai shayin bakin titi, kai ma sai na faɗe ka: kullum da asuba kofin Baba yana zuwa, ka ƙi karɓar ko sisi. Shugabannin ɗalibai da suka yi ta rubuta sunaye a cikin rana, da ku da kuka tura kuɗi da addu'a, Allah Ya biya ku da mafificin alheri.

Akwai 'yan uwa na jini da ko sallama ba mu gani ba, sai saƙon "me ya kai mace karatu wata ƙasa" da ya zagayo ya iso kunnen Inna a ranar da ta fi kowace rana rauni. Mun ji. Allah Ya shirye mu baki ɗaya.

Auta ta zo da ɗan guntun farin dutse mai ƙofofi da Hajiya ta ƙulle mata a bakin mayafi. Baba ya ajiye shi a kan rediyonsa. Ranar Juma'a bayan la'asar za a yi saukar Alƙur'ani a gida, don godiya da kuma waɗanda har yanzu suke can. Duk mai hali ya zo.