Wasiƙa daga Konya: Ziyara a Hubbaren Maulana Rumi

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida, manya da yara. Ina gaishe ku da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya harkoki? Mu nan Turkiyya lafiya lau muke, alhamdu lillahi.

Na ɗauki alƙalami ne don in ba ku labarin Konya, birnin da Maulana Jalaluddin Rumi yake kwance. Daga Ankara jirgin ƙasa mai sauri ba ya cika awa biyu ya sauke ka. Kana kusantar wurin, abin da zai fara ɗaukar idonka shi ne ƙubbar hubbaren, doguwa mai tsini, an lulluɓe ta da tayil kore mai ratsin shuɗi.

An haifi Maulana a 1207 a yankin Balkh, cikin Afghanistan ta yau, iyalinsa suka yi hijira har suka zauna a Konya, babban birnin sarakunan Saljuƙ na wancan lokaci. Da mahaifinsa Baha'uddin Walad ya rasu a 1231, a lambun wardi na sarki aka binne shi. Maulana ya gaje shi a karantarwa da wa'azi, malamin fiƙihu ne sosai, har 1244 da ya haɗu da wani sufi, Shamsuddin na Tabriz, rayuwarsa ta ɗauki wata hanya. Maulana ya rasu ran 17 ga Disamba 1273, aka sa shi kusa da mahaifinsa, shekara na zagayowa aka gina ƙubbar. Ɗansa Sultan Walad ne ya tsara ɗariƙar Maulawiyya, wannan gida kuma ya zama uwar zawiyoyinta sama da shekara 600.

Sai ran 30 ga Nuwamba 1925, zamanin shugaban Turkiyya Mustafa Kamal Ataturk, majalisar ƙasar ta yi doka ta rufe duk zawiyoyi da hubbarori, ta hana ɗariƙu. A 1927 aka sake buɗe wannan gida a matsayin gidan tarihi, a 1954 aka raɗa masa sunan Maulana.

To, a takarda gidan tarihi ne, amma jama'ar da na tarar yawancinsu ziyara suka zo. A bakin ƙofa ba a cire takalmi, leda ake ba ka ka sa a kansa. Kana shiga sai sanyin wuri da muryar sarewa ƙasa-ƙasa. A dama kaburburan iyalin Maulana da manyan almajiransa ne a jere, kowanne da rawani a wajen kai. Na Maulana yana ƙarƙashin ƙubbar, an rufe shi da ƙyalle mai aikin zinariya wanda sarkin Turkawa Abdulhamid na Biyu ya bayar. A gabana wata tsohuwa 'yar ƙauye ta tsaya ta ɗaga hannuwa, leɓenta na motsi, hawaye na bin kumatunta har gefen mayafi. Mai gadi yana ta cewa jama'a su matsa gaba, da ya zo kanta sai ya yi shiru ya wuce. Ni ma na yi Fatiha da addu'a, na sa ku a ciki.

Inda na fi daɗewa shi ne madafar zawiyar, domin a nan ake tarbiyyar muridi. Wanda ya zo neman shiga ɗariƙa, a kan buzu ake zaunar da shi a bakin ƙofar madafa kwana uku, ba ruwansa da komai sai kallon yadda ake hidima. Idan ba a ga alamar zai iya ba, ba wanda zai yi masa magana mai zafi, takalmansa kawai za a juya su fuskanci waje, ya gane ya kama hanya. Idan an karɓe shi, sai hidimar kwana 1001: shara, ɗebo ruwa, wanke-wanke, cefane, jera takalman baƙi, komai ilminsa, ko ɗan gidan wane ne shi. Sai ya cika wannan ake ba shi ɗaki. Yau murhun da tukwanen suna nan, buzun ma yana nan, amma mutum-mutumi ne aka sa wa kayan darwishai, wato 'yan ɗariƙar, aka zaunar a wurin. Wallahi abin ya taɓa ni. Gidan da aka gina don a karya girman kan mutum da hidima, ga kayan aikin duka, babu mai yin aikin.

Juyin nan na darwishai da kuke gani a talabijin, wanda suke kira "sema", ya dawo fili ne daga shekarun 1950 a matsayin bikin al'ada, har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin abubuwan gado na duniya a 2005. Yanzu a wani babban zaure na daban ake yi, 'yan kallo na zaune a kujeru. Doguwar hular masu juyin tana nufin dutsen kabarin son zuciya, farar rigar likkafani, baƙar alkyabbar da ake tuɓewa kuma kabari. Tafin hannun dama yana duban sama, na hagu ƙasa. Na san a gida akwai masu ja a kan juyi da sarewa, kamar yadda aka daɗe ana ja a kan bandiri. Wannan fagen malamai ne, na bar musu.

Amma gaskiya ɗaya ce, dole in yaba wa masu kula da wurin. Akwai kwafin Masnawi, babban littafin waƙen Maulana mai baiti kusan 25,000, wanda aka rubuta da hannu a 1278, shekara biyar bayan rasuwarsa. Yana cikin gilashi, tawadarsa raɗau. Ga Alƙur'anai na hannu, manya da ƙanana, ga carbuna masu ƙwaya kusan dubu da ake ja tare a zikirin jam'i, ga babbar tasar tagulla da ake tara ruwan saman watan Afrilu a cikinta don neman tabarruki. 

A nan ne tunanina ya koma gida. Mu Allah Ya bar mana abin da su suka rasa. Hubbaren Shehu a Sakkwato ba ya rabuwa da masu ziyara, zawiyoyin Ƙadiriyya da Tijjaniyya cike suke da wazifa da zikirin Juma'a, almajiri har gobe yana hidima a gidan malaminsa. Littattafan fa? Gidajen malamai nawa ne muka sani da rubutun hannun kakanni yake ƙunshe a gafaka a ƙuryar ɗaki, gara na ci, ruwan damina na ɗiga, in malam ya rasu magada su raba warƙa-warƙa? Roƙona ga duk wanda yake da irin wannan amana, ya fito da ita ya kakkaɓe, ya ɗauki hoton kowane shafi ko da wayar hannu ce, ya rubuta sunan littafin da na wanda ya kwafe shi. In abin ya fi ƙarfinsa ya nemi shawarar masana a Arewa House da ke Kaduna.

Wanda Allah Ya nufa da zuwa Konya, daga 7 zuwa 17 ga Disamba ake taron tunawa da rasuwar Maulana, gari yakan cika maƙil, ga sanyi mai ratsa ƙashi, don haka a kama masauki da wuri, a zo da kayan ɗari.

A gaida kowa da kowa, a sa mu a addu'a.

Naku,
ɗan'uwanku a Turkiyya