Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Haƙorana Ne Suka Tona Ni

Makon jiya na tsaya a inda Hajiya, surukata, ta fara yi mini kallon mai laulayi. To ba ciki ba ne. Shekara huɗu ke nan ina cin abinci har numfashina ya riƙa sama, sai in kulle banɗaki, in saki famfo, in zura yatsa a maƙogwaro. Babu wanda ya gane, tunda ban rame ba. Da kumatuna suka kumbura ta gefen kunne aka ce hangum ne, wasu ma suka ce aure ya karɓe ni.

Ruwan randa ne ya kai ni wurin likitar haƙori, don ko kurɓa ɗaya na yi sai in ji har ƙwaƙwalwa. Ta daɗe tana haska bayan haƙorana na sama, sannan ta kama hannuna na dama, ta dubi kantar da ke kan gaɓoɓin yatsuna.

"Ƙanwata, sau nawa kike amai a rana?"

Na ce ulsa ce. Ta yi shiru, sai kawai na fashe da kuka.

A ranar na fara jin sunan bulimiya. Ta ce wani likita ɗan Birtaniya, Gerald Russell, ya bayyana ciwon a 1979, har kantar nan da sunansa ake kiran ta. Ruwan tsamin ciki ne ya cinye farin ɓawon haƙorana, kuma ba ya sake tsirowa. Ni da nake rugawa in goge baki da buroshi bayan amai, ashe ƙara kankare shi nake yi. Kurkurewa da ruwa ya fi.

Amma ba haƙoran ne suka tayar mata da hankali ba. Da na ambaci faɗuwar gaba, da jinin da na taɓa gani a amai, da maganin wanke ciki da nake sha, nan take ta rubuta mini gwajin jini. Amai da gudawa suna zubar da sinadarin fotasiyam, in ya yi ƙasa zuciya kan rikice, tana iya tsayawa ko mutum yana barci, ƙoda ma ba ta tsira ba. Jinin kuwa, ta ce mai yiwuwa yunƙuri ne ya tsaga hanyar abinci.

Da yamma sakamako ya fito, aka ce sai an ba ni gado, a kira maigida. Ina riƙe da waya, lambarsa na gabana, na kasa dannawa.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.