Shaihu Umar da taswirar Sahara

Yawancinmu mun fara karanta Shaihu Umar, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, a matsayin labarin haƙuri da ƙaddara: an sace yaro, ya sha wuya, Allah ya ɗaukaka shi ya zama malamin da ɗalibai ke tururuwa wurinsa. Wannan fahimta tana nan daram, sai dai ba ta ƙure littafin ba. A jami'a malaminmu ya hana kowa tofa albarkacin bakinsa a kai, sai ya zo da taswirar Sahara da jerin shekaru.

Shekarun ne suka fara girgiza ni. An haifi Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1912. Ya rubuta littafin ne domin gasar rubutun ƙagaggun labarai da Baturen nan Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya a 1933, yana saurayi da bai daɗe da barin Kwalejin Katsina ba. Turawa sun ci Kano a 1903, wato shekara 30 kacal kafin gasar. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta 'yanta yaran da za a haifa bayanta, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Ke nan ranar da littafin ya fito akwai tsofaffin da doka ba ta gama sakinsu ba, akwai masu biyan murgu, wato kuɗin da bawa ke ba ubangidansa don ya yi aikin kansa, akwai waɗanda suka ga harin bayi da idonsu. Abin da muke karantawa kamar tatsuniya, ga masu karatun farko labarin kakarsu ne, ko na maƙwabciyarsu.

Sai taswira. Na aza yatsa a Kano, na bi ta Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus. Na dawo na bi ɗaya hanyar, daga Borno ta Bilma zuwa Murzuk. Tafiyar watanni ce, daga wannan rijiya zuwa waccan, raƙuma ɗauke da fata da hauren giwa da gashin jimina, bayi kuma a ƙasa. Bajamushen nan Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta bayin da ake fitarwa daga birnin a shekara sun kai 5,000.

A nan ne uwar Umar ta tsaya mini a rai. 'Ya ce, ba baiwa ba. Ta bar gida don neman ɗanta kawai, aka yaudare ta, aka ƙetare hamada da ita har Murzuk, ta koma abin sayarwa. Ta gan shi a ƙarshe, amma jiki ya riga ya ƙare, ba ta jima ba ta rasu. Wanda bai san nisan Kano da Murzuk ba zai wuce waɗannan shafuka da sauri. Wanda ya auna nisan kuwa, wallahi sai ya ajiye littafin ya yi shiru tukuna.

Mun yi gardama sosai a aji. Wasu sun ce marubucin ya yi wa bauta sassauci, tunda Balaraben da ya tafi da Umar ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu. Ni ban yarda ba. Marubucin ɗan shekara ashirin da 'yan kai ne, yana rubutu a garin da tsohon ubangida da tsohon bawansa ke sahu ɗaya a masallaci, kuma Bature ne zai duba rubutun. Bai ɗaga murya ba, amma ya jera rabon ɗan da rabon uwar a gabanmu, ya bar mu mu gani da kanmu cewa hanyar da ta kai ɗaya ga malanta ita ce ta kashe ɗayar.

Yanzu Ganɗoki na Bello Kagara nake bi, ɗan wannan gasa shi ma, kuma kafin in buɗe shi sai da na nemo tarihin yadda Turawa suka ci Bida da Kwantagora a 1901.