Fim ya yi a waya, ya ƙi yi a talabijin

Babu mai tura fina-finai a Zariya, daga shagunan PZ har Samaru da Tudun Wada, da bai sha wannan ƙorafi ba: "Malam, fim ɗin nan da ka tura mini ba ya yi." Shi kuma ya soka filashin a kwamfutarsa, fim ya tashi tas, a kama musu. Su duka gaskiya suka faɗa. Fim ɗin lafiyarsa ƙalau, talabijin ɗin gidan ne bai iya karanta shi ba.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne haruffan ƙarshen sunan fayil, wato MP4 ko MKV. Wannan buhu ne kawai, ba ya nuna abin da aka zuba ciki. A cikinsa hoto daban, sauti daban, kowanne da irin matsar da aka yi masa. Yawancin hoto ana matse shi ne da H.264, wanda ya fito a 2003, ko H.265 da ake kira HEVC, na 2013. Masu ɗora fina-finai a Telegram sun fi son na biyun, don yana rage nauyin fim kusan rabi, data ta yi auki. Waya ta zamani tana buɗe shi ba gardama. Amma tsohon talabijin, ko dikoda mai arha mai ramin USB, na farkon kaɗai ya sani. Sai ka ji magana allo kuma baƙi ƙirin, ko ya ce bai san fayil ɗin ba. Kada ka wahalar da kanka da goge MKV ka rubuta MP4, kayan ciki ba su canza ba.

In kuwa hoto na tafiya amma shiru, sautin ne matsalar, galibi irin matsar sautin da ake kira DTS. Wannan ba sai tsohon talabijin ba, don Samsung ma ta daina sa shi a nata tun daga samfurin 2018.

Maganin duka biyun ɗaya ne. A sa HandBrake, manhajar sauya tsarin fim, a kwamfuta, kyauta ce, a buɗe fim ɗin, a zaɓi Fast 720p30, a bar ta ta gama. Za ta fitar da MP4 mai hoton H.264 da sautin AAC, wanda da wuya a sami talabijin da zai ƙi shi. A tsohuwar kwamfuta fim ɗin Indiya mai awa uku yana iya cin fiye da awa guda, don haka a tabbata akwai caji ko wuta ta zauna. Mafi sauƙi dai ka gaya wa mai turi tun farko cewa a talabijin za ka kalla, ya duba maka wanda aka rubuta x264 (wato H.264) a sunansa, ya bar mai x265 (wato H.265). A allo mai inci 32, 720p ya wadatar, neman 4K ɓarnar wuri ce kawai.

Sai shi kansa filashin. Tsarin fomat na FAT32 kowane talabijin yana karantawa, amma ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai GB 4, ko da akwai fili GB 20 a ciki. Filashin da ya wuce GB 32 kuma yakan zo da exFAT, wanda tsofaffin talabijin da yawa ba sa ganinsa sam. A gwada yi masa fomat zuwa NTFS, amma a kwashe kayan ciki tukuna, fomat ba ya barin komai.

Akwai kuma jabu. A jikinsa an buga GB 64, cikinsa bai wuce 8 ba. Alamarsa ita ce fina-finan da aka fara turawa suna yi, na baya kuwa sunayensu na nan amma ba sa buɗewa, ko su tsaya cak a tsakiya. Manhajar kwamfuta mai suna H2testw tana tona asirinsa, don tana cika shi ne ta sake karantawa. Wannan ba ya gyaruwa.

Mai amfani da hadis (hard disk) na waje, in ya ji yana ƙas-ƙas yana ɗaukewa, wuta ce ta yi masa kaɗan. Ramin USB 2.0 rabin amfiya yake bayarwa, shi kuwa yana son kusan ninkin haka lokacin tashi. A duba bayan talabijin, wasu suna da rami na musamman da aka rubuta HDD a gefensa.

Batun baki da murya su saɓa kuwa, a fim ɗin Indiya da aka yi wa fassarar Hausa ba za su taɓa haɗuwa ba, kada a zargi na'ura. A fim ɗin Hausa ne za a gane: a jira inda aka buga ƙofa ko aka yi mari, in ƙarar ta zo bayan hannu ya sauka, akwai jinkiri. Sifika ta Bluetooth tana jawo haka, a cire ta a sa mai kebul a gani. A kwamfuta, cikin manhajar kallon fim ta VLC, maɓallan J da K suna ja da sauti gaba ko baya, kowace dannawa milisakan 50. Rubutun fassara na ƙasan allo kuma G da H ne nasa.