Abin da muke yi wa Italiyawa a Stuttgart

Da yawa sun ɗauka aikin ƙungiyar Italiyawa a ƙetare bai wuce shirya biki da dafa taliya ba. Muna yin wannan, amma a ƙungiyarmu da ke yankin Stuttgart a Jamus, takardu ne ke cinye mana lokaci.

Sabon zuwa yana da kwana 14 daga shigarsa gida ya yi rajistar adireshi a ofishin gari, kuma sai da takardar shaida mai sa hannun wanda ya ba shi hayar. A nan ake yawan tuntuɓe. Yaro ya kama ɗaki a bayan fage, an hana shi takardar, lambar harajinsa ba ta iso ba, sai ya ga an zabtare masa haraji mafi tsada a albashin farko. Mun koyi cewa a nemi takardar nan kafin a biya ko sisi na kafin alƙalami.

Sai AIRE, rajistar Italiyawa mazauna waje da aka kafa a 1988. Wanda zai zauna fiye da wata 12 a waje dole ya yi rajistar cikin kwana 90, ta shafin Fast It na ofishin jakadanci. Matasa na ƙinta don tsoron rasa likitansu na gida a Italiya. Gaskiya ne za su rasa, ba ma ɓoye musu. Amma tun 2024 akwai tarar Yuro 200 zuwa 1,000 kan kowace shekarar da aka ƙi yin rajistar.

Dattawan da suka zo bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1955 tsakanin Italiya da Jamus, da waɗanda suka biyo sahunsu, fansho ne damuwarsu, kuma nan ne abin ya fi taɓa ni. Italiya na neman shekara 20 ta biyan gudummawa, Jamus shekara 5, amma dokar Tarayyar Turai ta yarda a haɗa shekarun, kowace ƙasa ta biya kasonta. A ƙasar da mutum yake zaune ake shigar da buƙata. Ba ma cike ta da kanmu. Ofisoshin patronato, wato masu taimaka wa ma'aikata kan harkar fansho, irin su INCA da ACLI da INAS ke yi, kyauta. Namu shi ne mu zauna da tsoho mu zazzage jakarsa, mu nemo tsohon littafin aikinsa da takardar aikin soja, domin watannin soja ba sa shiga lissafi sai an nema.