Mako na shida da biro: ina nan kan gashin Sedna

'Yan'uwa masu koyon zane, barkanmu da war haka. Yau mako shida ke nan da na ajiye fensir na koma biro, ina gwada yadda Germaine Arnaktauyok ke yin inuwa a zanenta, kuma sai a wannan makon hannuna ya fara sabawa.

Ga wanda bai san ta ba, 'yar ƙabilar Inuit ce ta can arewacin Kanada, an haife ta a 1946 kusa da Igloolik. Tana 'yar shekara tara aka kai ta makarantar kwana ta 'yan mishan a Chesterfield Inlet, ta yi shekara bakwai nesa da iyayenta. Duk da haka, da ta girma sai ta koma kan tatsuniyoyin mutanenta, su ta riƙa zanawa. Ita ce kuma ta zana makaɗin gangar da ke jikin tsabar dala biyu da Kanada ta buga a 1999, shekarar da aka kafa yankin Nunavut.

Abin da ya ja ni gare ta shi ne layinta. Ƙananan layuka take murɗawa kamar zaren da ya cukuikuye, ta cunkusa su inda take son duhu, ta sassauta inda take son haske. Daga nesa ba ka ganin layi ko ɗaya, sai jiki mai laushi kamar hayaƙi.

Makonni biyun farko ɓarnar takarda kawai na yi. Ina danna biro, ina sauri, murɗe-murɗen suna fitowa manya kamar taliya. Yanzu na gane daga yatsu motsin yake fitowa, wuyan hannu yana kwance. Ku ajiye tsumma kusa, domin biro yana tara tawada a baki, in ba ku goge ba ɗigo ɗaya zai lalata aikin yini. Na kuma bar takardar littafin makaranta na koma farin kwali. Faɗin tafin hannu yana cin mini awa biyu.

Sedna nake zanawa, uwar teku a wurin Inuit, wadda ita ma Arnaktauyok ta zana. A labarin, mahaifinta ne ya jefa ta ruwa da guguwa ta taso musu. Ta riƙe bakin kwalekwale, ya datse mata yatsu, yatsun suka zama dabbobin tekun da mutane ke farauta su ci. In ranta ya ɓaci sai ta tsare dabbobin, yunwa ta shigo, har sai boka ya nutsa ya taje mata gashi, tunda ba ta da yatsun riƙe mataji. Wannan wurin ya taɓa ni ƙwarai. Mai iko da abincin al'umma guda, amma gashin kanta sai an taje mata.

Shi ya sa na daɗe a kan gashin. Da farko na ja shi da dogayen layuka, ya fito a sanƙare kamar tsintsiya. Da na cike ruwan da ke kewaye da shi da murɗe-murɗe, na bar siraran hanyoyin fari a tsakani, sai ga shi yana yawo kamar da gaske a ƙarƙashin ruwa yake.

Hannayen ne ban taɓa ba tukuna. Ba na son jini a zanen, ba na kuma son ɓoye su a bayan gashi. Mako mai zuwa zan gwada su a buɗe, dabbobin suna fita daga inda yatsun suke. Wanda ya taɓa zana hannu da biro zalla, don Allah ya nuna mini yadda ya yi da gaɓoɓin.