Daga turmi huɗu zuwa goma sha biyu: yadda nake gina ɗan damben zamani

Duk wanda ya kawo mini yaro filin horo a nan Bauchi, abin da yake fara faɗa shi ne, "Koci, wannan hannunsa akwai kisa." Ni kuwa ba hannun nake fara dubawa ba. Sikeli nake ɗora shi, in dubi ƙafarsa, in tambayi shekarunsa. Ƙarfin naushi yana ci wa mutum wasa biyar ko shida na farko. Abin da ke kai shi ga kambu kuwa shi ne nauyin da ya dace da jikinsa, da lafiyar hannu, da sanin wasan da za a karɓa da wanda za a ce a kai kasuwa. Dick Tiger, ɗan damben Najeriya daga Amaigbo, da ya koma Ingila a 1955 sai da ya sha kaye sau huɗu a jere. Bai riƙe kambun duniya ba sai 1962, yana da shekara 33, lokacin da ya doke Gene Fullmer ɗan Amurka.

Yawancin yaran da nake samu daga damben gargajiya suke fitowa, kuma sun zo da zuciya, wannan ba a koyar da ita. Matsalar tsayuwa ce. A gargajiya hannu ɗaya ne ke ɗaure da kara, ɗayan a miƙe yake a buɗe yana tsaro, naushin kuma daga baya yake tasowa ya zagayo. A damben zamani hannun gaban nan da suka raina shi ne mai tara maki. Saboda haka wata ukun farko ba na barin yaro ya saki hannun baya a kan buhun naushi: turmi uku, kowanne minti uku da hutun minti ɗaya, hannun gaba kaɗai, haɓa a sunkuye bayan kafaɗa. Suna jin haushi. Amma wanda ya tsallake wannan mataki, duk sanda zai kai naushi sai haɓarsa ta ɗaga, kuma a nan ake samun sa.

Naɗin hannu kuwa ba na wakiltawa. Bandejin atisaye mai tsawon mita huɗu da rabi nake so. A saƙala madaukin a babban yatsa, a zagaya wuyan hannu sau uku, a haura a zagaya kan gaɓoɓin yatsu sau uku, sannan a ratsa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, kowane ratsi a dawo wuyan hannu, a ɗaure babban yatsa, a ƙarasa sauran a wuyan hannu. Yatsu a ware suke yayin naɗi, don in ya dunƙule ne naɗin zai kama. In ya matse da yawa, kafin turmi biyu yatsu sun yi sanyi sun mutu. In ya yi sako-sako, wuyan hannu ya lanƙwashe. Karayar da na fi gani ita ce ta ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa, kuma dalilinta ɗaya ne, naushi mai zagaye da ya sauka a kan gaɓoɓi biyu na ƙarshe maimakon biyun farko. Wannan sati shida ne ko fiye babu taɓa buhu. Shi ma buhun kada a cika shi da yashi zalla, yana daskarewa daga ƙasa ya koma kamar dutse. Ƙyallayen tela nake dannawa, in sa ɗan yashi a ƙulle cikin leda a tsakiya don nauyi.

Sai maganar nauyi, inda aka fi yin ɓarna. Damben kuɗi aji-aji ne: akwai na kilo 57.2, wanda Hogan Bassey, shi ma ɗan Najeriya, ya ci kambun duniya a cikinsa a birnin Faris a 1957, akwai 61.2, da 66.7, da 72.6 na su Dick Tiger. Ana hawa sikeli ne ana gobe wasa. Shirin wasa sati takwas nake ba shi, kuma rabin kilo zuwa kilo ɗaya ake saukewa a sati, ba fiye ba. Abin da ake ragewa sananne ne: lemon kwalba, fura mai sukari, da masar nan tamu da ake kwankwaɗa wa mai. Wake, ƙwai, kifi, nono da ganye suna nan. Abin da yara ke yi a ɓoye shi ne su ci son ransu har saura kwana huɗu, sannan su sa rigar leda su yi gudu cikin zafin ranar watan Afrilu, suna tofar da yawu, ba sa shan ruwa. Sikeli zai nuna daidai, amma ruwa ne ya fita ba kitse ba. A turmi na huɗu ƙafa za ta yi nauyi, naushin da da zai shanye sai ya zaunar da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan awo ruwan gishiri da sukari ake kurɓa a hankali, sai shinkafa, ba a faɗa wa tsire da yaji. Yaron da kullum yake yawo da kilo shida sama da ajinsa, na gwammace in ɗaga shi aji na gaba. Da azumi atisaye mai nauyi sai bayan asham, kuma ba na karɓar wasa a watan.

Matakan sana'ar a jere suke. Sabon shiga yana yin turmi huɗu, sai shida, takwas, goma, wasan kambu goma sha biyu. Kafin nan sai da lasisin hukumar damben kuɗi ta Najeriya, wato NBBofC, da gwajin ido da na jini. Yawancin wasannin a Legas ake yin su, don haka kuɗin mota da masauki suna cikin lissafi. Kambun ƙasa ake fara nema, sai na Afirka ta Yamma ko na Afirka, sai na Kwamanwel, kafin a yi maganar kambun duniya na hukumomin WBC, WBA, IBF ko WBO. Bassey a 1955 ya ci na daular Birtaniya (wanda daga baya ya koma na Kwamanwel), Tiger a 1958, duk kafin na duniya.

Tarkon yana zuwa ne ta waya. Mai shirya wasa zai kira saura kwana goma, ya ambaci kuɗin da yaro bai taɓa riƙewa ba. Abin da nake yi shi ne in buɗe BoxRec, shafin intanet mai ajiye tarihin wasannin 'yan dambe, in dubi abokin karawar. In na ga ya yi wasa goma sha biyar bai faɗi ba, nawa kuma yana da huɗu, to tsani ake nema, ba abokin karawa ba. Na taɓa amincewa da magana ta fatar baki, muka isa aka ce turmi shida ya koma takwas, kuɗin kuma aka zaftare na masauki. Tun daga ranar sai a rubuce: nauyi, yawan turmi, kuɗi, da wanda zai biya mota da ɗaki. Yaro ma ya san rabon tun wuri, koci yana ɗaukar kashi goma cikin ɗari, manaja kan kai kashi ɗaya cikin uku.

Minti ɗayan hutu shi ne aikina na gaske. Ƙararrawa na kaɗawa kujera ta shiga, a cire robar baki, in ce ya ja numfashi uku kafin in ce komai. Ruwa kurɓi ɗaya. In gira ta fashe, a danne da auduga ba ɗagawa har daƙiƙa talatin, a shafe da basilin. Kumburi kuma ƙarfe mai sanyi ake ɗorawa a danna, ba a murzawa. Magana ɗaya ko biyu kawai: "Yana sauke dama in ya kai hagu, bi ta sama." Wanda ya ci turmi maki 10 ne, ɗayan 9, in an kai shi ƙasa 8, saboda haka ina lissafi a raina in san ko ana bin mu bashin maki.

Da can wasan kambu turmi goma sha biyar ne. Mutuwar Duk Koo Kim, ɗan Koriya ta Kudu, bayan karawarsa da Ray Mancini a 1982 ce ta sa aka fara rage shi zuwa goma sha biyu. Tawul yana kafaɗata tun turmin farko, kuma in na ga yaro yana shan naushi ba ya ramawa, ƙafa tana harɗewa, ina jefawa ko zai yi wata bai gaishe ni ba. Wanda aka sumar ba ya karɓar naushi a kai, ko a atisaye, aƙalla wata guda, sai likita ya sake duba shi. A daren wasan kuma ba ya kwana shi kaɗai. In ya yi amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci na fizgarsa ana magana, asibiti za a nufa a ɗauki hoton kai a daren, ba a jiran gari ya waye.